Kafin Ka Sayi Fitila Ta Biyu

Ɗan ƙanwata yana aji biyu a wata kwalejin kimiyya da fasaha, aikin jarida yake karantawa. A hutun da ya wuce ya zo gaishe ni da kwamfuta a hammata, ko ruwan da aka kawo masa bai gama sha ba ya buɗe ta ya ce, "Kawu, duba aikina." Ashe ɗakinsu na makaranta ya mayar gidan hoto. Ya buga ƙusa biyu a bango ya rataya farin zanen gado, ya aro kyamara wurin wani abokinsa, ya sayi fitilar nan mai kama da zobe da 'yan TikTok ke haska fuska da ita, sannan ya zaunar da abokin ɗakinsa a kan kifaffen bokitin fenti. Hoto sittin da 'yan kai ya ɗauka a dare ɗaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. A wasu farar shaddar yaron ta fito fes, fuskar kuwa ta nutse, fararen idanu kawai ake gani. A wasu fuskar ta fito amma ta yi furu-furu kamar wanda ya kwana a murhu, shaddar kuma ta ƙone, ko zare ɗaya na aikin wuyanta ba ka gani. A dukkansu ga inuwar kansa nan manne da zanen gadon, kai ka ce wani ne ya laɓe a bayansa.

Bai jira na yi magana ba ya ce, "Kyamarar ce ba ta da ƙarfi, Kawu. Wacce kake ganin in saya? Kuma ina so in ƙaro fitila biyu."

Na yi dariya, ba ta raini ba. Ina kamar shekarunsa na faɗa wa maigidana kusan wannan maganar. Shekara huɗu na yi ina yaron shago a wani gidan hoto, zamanin fim da dodon hoto, lokacin da sai an shiga ɗaki mai duhu an wanke kafin mutum ya san ko abin kirki ya yi ko ɓarna. Daga baya koyarwa ta ɗauke ni, amma har yau in na shiga ɗaki, taga nake fara nema. Abin da na faɗa wa yaron nan ranar, daga la'asar har aka kira magariba, shi zan maimaita muku, domin na lura ku da yawa, maza da mata, kun rataya zanen gado a bango kuna ta dannawa, kuna ɗora wa kyamara laifin da ba nata ba.

Bari in fara da zanen gadon, don kada ka ji kunyarsa. Saidu Keita na Bamako, wanda yau manyan gidajen tarihi na duniya ke alfahari da hotunansa, da mayafin gadonsa ya fara yin labule. Ɗan kafinta ne, kafinta kuma ya koya. A 1935 wani kawunsa ya dawo daga Senegal da 'yar ƙaramar kyamara Kodak Brownie, ta zama tasa. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a tsakar gidansu a unguwar Bamako-Kura, kuma hasken rana ya fi so a kan na fitila. Mutane na zuwa da manyan riguna da ɗaurin kallabi, shi kuma ya tanadi rediyo da agogo da alƙalami da furen roba da babur, ga duk mai son a gan shi da su. Fim na da tsada, saboda haka galibi sau ɗaya yake dannawa ga kowane mutum. Sau ɗaya! Kai ka danna sittin ba ka samu ɗaya ba. Shi kafin ya danna ya riga ya gama kallo: ya ga inda rana take, ya juya kafaɗa, ya ɗaga haɓa, ya baza hannun riga yadda ɗinkin zai fito, ya jira mutum ya saki jiki.

To me yake kallo? Da farko dai haske. Haske na da hali, halinsa kuma bai canja ba tun lokacin da Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, yake gwaje-gwajensa da ɗaki mai duhu da 'yar huda, ya rubuta Kitabul Manazir shekara 1,000 da suka wuce. Ka fita tsakar gida da rana tsaka ka dubi fuskar ƙaninka. Idanu sun faɗa rami, hanci ya jefa baƙar inuwa a kan leɓe, goshi na walƙiya. Ka sake dubansa da safiyar hunturu, ranar da hazo ya rufe gari, za ka ga inuwar ta narke, fatar ta kwanta luf. Ranar dai ita ce, amma da farko daga ɗan wuri ƙarami take sauko wa fuskar, a na biyu hazo ya baza ta ta cika sama. Duk lemar da kake gani a manyan sutudiyo, da akwatunan nan masu farin ƙyalle a gaba, aikinsu ke nan, su mai da ƙaramar fitila babba. Farin yadi mara kauri da ka rataya taku ɗaya a gaban fitilarka zai yi maka wannan aikin, in dai ka kula bai taɓa ƙwai mai zafi ba. Haka nan in ka juya fitilar ta doki farin bango ta dawo. Kuma duk yadda ka matso da wannan faffaɗan haske kusa da fuska, haka yake ƙara taushi.

Halinsa na biyu lissafi ne, kada ka gudu. In fitila tana mita 1 daga fuska ka ja ta zuwa mita 2, abin da zai isa fuskar ba rabi ba ne, kashi ɗaya ne cikin huɗu. A mita 3, ɗaya cikin tara. Shi ya sa in ka jera mutum biyu fitila na jikin ɗaya, wannan ya ƙone wancan ya dushe. Ja ta baya sai su kusan daidaita. Da wannan lissafin ne kuma za ka mai da farin zanen gadonka ruwan toka, ko ma ya yi duhu, ba tare da ka sayi wani ba: matso da mutumin da fitilar gaba, ka bar labulen can baya. Inuwar nan da ta laɓe bayan abokin ɗan ƙanwata, maganinta taku biyu ne kacal daga bango, da ɗan ɗaga fitilar don inuwar ta faɗi ƙasa inda kyamara ba ta kallo.

Fitilar zobe ma ba ta yi laifin komai ba, wurin da ake kafa ta ne matsalar. In ta zauna daidai bakin kyamara sai ta wanke fuska ta bar ta shafal kamar faranti. Ɗauke ta ka kai gefe, kamar rabin hanya tsakanin hancin mutum da kunnensa, ka ɗaga ta ta ɗan ɗara kansa. Sai ka dubi kuncin da ke nesa da fitilar. In ka ga ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin ido, ka samu abin da masu sana'ar ke kira hasken Rembrandt, da sunan mai zanen nan na Holan da ya mutu a 1669. Ɓangaren da ya yi duhu da yawa kuwa, farin kwali ya ishe shi. Ka ba ƙaninka ya riƙe a ɗaya gefen, yana matsowa yana ja da baya, kana kallon yadda inuwar ke buɗewa. Fitila ta biyu a hannun wanda bai gama da ta farko ba, inuwa biyu kawai take haifarwa a gefen hanci.

Ni da za a bar ni, ba a ɗakin makaranta zan sa ka fara ba, zaure zan kai ka. Kakanninmu ba don hoto suka gina shi ba, amma ban taɓa shiga sutudiyon da ya fi shi ba. Ciki duhu-duhu, ƙofa babba tana zubo haske daga gefe guda, bangon jar ƙasa ba ya ƙyalli. Ka shimfiɗa wa tsoho buzu taku ɗaya daga bakin ƙofa, inda rana ba ta dukansa kai tsaye, ka sa ya ɗan fuskanci waje. Ba ruwanka da an kawo wuta ko an ɗauke, ba ruwanka da kuɗin man janareto. Ɗakunanmu na yanzu da aka shafe da koren fenti ko shuɗi su ne mugaye, domin fentin na zuba launinsa a fata, ka ga lafiyayye ya fito kamar wanda ya tashi daga jinya. In kuma da hasken taga kake aiki, kashe ƙwan da ke saman ɗaki. Launinsu ba ɗaya ba ne, kyamara kuma ba ta iya gyara biyun a lokaci guda.

Kafin ka wahalar da abokai, nemi tulu. Baƙin tulu mai ɗan sheƙi, ka ɗora a kujera, ka kashe kowace fitila sai ɗaya. Ka zagaya shi da ita, gaba da gefe da baya, sama da ƙasa, kusa da nesa. Kowace dannawa ka rubuta a littafi inda fitilar take, da tazararta, da abin da ka saita. Abu ɗaya za ka riƙa canjawa kowane karo, in ba haka ba ko hoto ya yi kyau ba za ka san abin da ya sa ba. In da filasha kake aiki, fara da ISO 100, buɗewar ido f/8, ƙiftawa 1/160, ka bar su nan ka yi ta wasa da ƙarfin fitila da nisanta. In ƙiftawar ta wuce abin da kyamara ke iya haɗawa da filasha, galibi 1/200 ko 1/250, baƙin shafi zai cinye maka gefen hoto. Tulu ba ya gajiya, ba ya cewa a nuna masa, ba ya cewa a goge. Yadda haske ke kwanciya a jikinsa kuma ya fi kama da yadda yake kwanciya a fatarmu, fiye da farin ƙwan kazar da ake koyar da ɗalibai da shi a wasu ƙasashe.

Ranar da fuskar mutum kake so kuma kowa ya gudu, zauna da kanka. Samuel Fosso, wanda aka haifa a Kumba ta Kamaru a 1962, ya taso a Najeriya, yaƙin basasar ƙasar ya ɗaiɗaita gidansu har ya tsinci kansa wurin kawunsa a Bangi ta Afirka ta Tsakiya. Yana ɗan shekara 13, a 1975, ya buɗe nasa gidan hoto. In an tashi aiki, ragowar fim ɗin da masu zuwa ba su cinye ba, sai ya sa kaya ya tsaya gaban kyamara ya ɗauki kansa, ya aika wa kakarsa a Najeriya ta ga yana nan lafiya. Hotunan nan na ƙarshen fim su suka fitar da sunansa duniya, bayan an nuna su a bikin hotuna na farko da aka yi a Bamako a 1994. Kai ko ba ka yi suna ba, za ka ɗanɗana abin da mai zama a kujerarka yake ji: zafin fitila, ciwon wuya, da rashin sanin inda zai sa hannuwansa.

Yanzu ga ciwon da ya fi damunmu, baƙar fata da farar shadda a hoto ɗaya. Kyamara ba ta san shadda ba, ba ta san mutum ba. An gina ma'auninta ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabanta, in an cakuɗa shi, ruwan toka ne tsaka-tsaki. In ta ga farar riga da farin labule sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage, fuska ta nutse. In ta ga baƙar fuska a gaban labule mai duhu sai ta ce duhu ya yi yawa, ta ƙara, fuska ta yi toka-toka. Saboda haka ka karɓe hukuncin daga hannunta ka saita da kanka. Ido ba mudu ba, ya san kima.

Ciwon ya daɗe, ba a kanka aka fara ba. Tun tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton farar mace, ana ce masa katin Shirley, da shi ake daidaita launin injin wanki. In fatarta ta fito daidai, an gama. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta rubuta a 2009 cewa cikin abubuwan da suka tura kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke nuna launin ƙasa-ƙasa har da ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa yadda take a hotunan talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa mata uku masu launin fata daban-daban. Ka riƙe wannan a ranka duk lokacin da ka sauko da wata filta daga intanet, ka tambayi kanka da fuskar wa aka gwada ta. Zanen aro ba ya rufe katara.

Baƙar fata da sheƙi take nuna siffarta. Ƙaramin ƙwai tsirara yana bar mata tabo fari a goshi da tsinin hanci, faffaɗan haske kuwa yana shimfiɗa mata sheƙi mai faɗi, kamar yadda ka gani a jikin tulu. Ka miƙa wa mutum hankici ya goge gumi da maiƙo, amma kada ka bari a kashe sheƙin gaba ɗaya da hoda, fuska za ta mutu. Shaddar kuma, ɗaga fitila ka nufi fuska da ita, ka tare ƙirji da baƙin kwali don ya rage abin da ke sauka a kan farin. Haske daga gefe shi ke tayar da aikin allura, har ka ƙirga askar da ke gaban babbar riga. Rawani da gwaggwaro da mayafin da aka ja gaba suna jefa inuwa a kan idanu, to sai ka ɗan sauko da fitilar, ko ka ɗora farin kwali a cinya inda hoto bai kai ba, har ka ga ɗigon haske ya bayyana a ƙwayar ido. In babu wannan ɗigon, ido kamar na mai gyangyaɗi yake fitowa. Kuma ja da baya. Kyamarar da aka kai kusa da fuska, musamman ta waya, tana kumbura hanci ta ƙanƙantar da kunne; mita 2 ka tsaya ka jawo hoton.

Duk wannan, wata shida na naci ya isa ka iya. Abin da ya fi wuya yana zaune a kan kujera.

Mutum ya yi wanka, ya ciro kayan da ya fi so daga ƙasan akwati, ya zo ya zauna ya miƙa maka fuskarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka gama jan wayoyi da gwajin fitila kafin ya iso. Ya shigo, ajiye kyamarar ka gaishe shi gaisuwa ta sosai, ya gida, ya iyali, ya hanya. Mintocin farko kowa fuskar fasfo yake ɗaurawa, wuya a sandare, idanu a zare. Hira ce ke sauke ta. Tambayi manomi damina, tambayi tela aikin Sallah, kana magana kana kallo, yatsanka na kan maɓalli. Dattijo kuwa kada ka ce masa, "Baba, yi murmushi." A wurinsa kamewar nan ita ce kamala, kuma haka yake so jikokinsa su gan shi. Budurwa in kunya ta sa ta sunkuyar da kai, duba da kyau kafin ka ce ta ɗago, sau da yawa hoton ke nan.

Akwai labarin da duk ɗalibin hoto yake ji. A Disamba 1941 a Otawa, mai ɗaukar hoto Yusuf Karsh ya samu 'yan mintoci da Firaministan Birtaniya Winston Churchill. Mutumin ya ƙi cire tabarsa daga baki, Karsh ya matso ya zare ta, ya koma ya danna Churchill na harararsa. Hoton ya zagaya duniya. Labari ne mai daɗi, amma kada ka gwada fizge carbin wani Alhaji.

Hannunka ka riƙe shi. Mayafi ya karkace ko ɗankwali ya zame, miƙa madubi, ko ka ce ƙawarta ta gyara mata. Mace ta zo, ƙofa a buɗe, kuma ta zo da wata. Wanda ya ce shi ba ya son hoto, malamai sun yi saɓani a kan lamarin, ba kai za ka raba gardamar da dannawa a ɓoye ba, ƙyale shi. Ke kuma 'yata mai kyamara, kina da abin da 'yan'uwanki maza ba su da shi. Gidajen da aka rubuta wa "ba shiga" ke kina shiga. Akwai tsofaffi mata a cikinsu da ba a taɓa yi musu hoton kirki ba sai na katin zaɓe, kuma ba namijin da zai taɓa ganin yadda suke dariya in suna tsakaninsu.

Zan ba ku labarin da ba na jin daɗin bayarwa. A shekarata ta biyu a shago na ɗauki wata budurwa da ta zo da ƙawayenta ranar yawon Sallah. Hoton ya fito da kyawun da ban taɓa samu ba. Ta ɗan karkata kai, mayafin ya sauka a kafaɗa, haske ya kwanta a kunci. Daɗi ya kwashe ni, na wanke ƙari ɗaya babba na liƙa a allon gilashin ƙofar shago inda muke baje kolin aikinmu. Ban tambaye ta ba, bai ma zo mini a rai cewa akwai abin tambaya ba. Kwana uku samarin unguwa na tsayawa suna kallo. A na huɗu yayanta ya zo. Bai ɗaga murya ba, ya ce da maigidana, "Malam, hoto aka ce ku ɗauka, ba talla ba." Ashe an riga an sa mata rana, maganar kuma ta kai gidan miji. Sai da maigidana ya ɗauki wani dattijon unguwa suka je har gida ban haƙuri. Da ya dawo bai zage ni ba. Ya miƙo mini dodon hoton da almakashi, ya tsaya a kaina har na yayyanka shi.

Allon namu mutanen layi ɗaya ke gani, almakashi kuma ya kashe maganar. Naka allon Instagram ne da WhatsApp, kuma ba a ƙera almakashin da zai bi hoto cikin wayoyin mutane ba. Kuɗin hoto daban, izinin nunawa daban. Ka tambaya da baki, a kan hoton da kake nufi: "Wannan, in sa shi a shafina?" In an ce a'a, an gama. In an yarda yau gobe aka ce ka cire, cire ba tare da jan magana ba. Kyamarar aro ce? Zare katinka kafin ka mayar. Waya ko kwamfuta za ta je wurin gyara? Kwashe fuskokin mutane tukuna.

Amanar ba ta ƙare a nan ba, tana bin ka har gaban kwamfuta. In kana da kyau ka ƙara da wanka, gaskiya ne, amma wanka aka ce, ba sauya fata ba. Ni ma'aunina guda ne: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, ƙurji ko jan ido ko zaren da ya maƙale a hula, goge shi. Abin da ya zauna da mutum, tsaga da wushirya da tawadar Allah da tabon sujada da layukan da shekaru suka zana a goshi, wannan nasa ne, bar masa. Na san za a ce maka, "A ɗan ƙara min haske." Na san kuma kana son a dawo gobe. Amma na lura yawancin masu wannan roƙon gudun irin hoton da ke nutsar da su suke yi, ba su taɓa ganin fatarsu an haska ta yadda ya kamata ba. Nuna musu wannan tukuna. Wanda ya nace, tsakaninka da shi, sai dai ni ba zan sa sunana a hoton da uwar mai shi za ta duba ta ce wace ce wannan ba.

In ka fara karɓar kuɗi, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ka faɗi rana ka cika, kada ka zama telan jajibirin Sallah. Ka ajiye kowane aiki a wuri biyu, kati na mutuwa ba sallama. Aji kuma kada ka bar shi, iyayenka ba kuɗin labule suka biya ba.

Da hannunka ya faɗa, ka nemi abu ɗaya ka daɗe a kansa. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a Legas a 2014, ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya yi ta yi shekara da shekaru har ya tara kusan hoto 1,000, yawanci daga baya ko daga gefe, a gaban labule mara ado. Wa ke yi wa rawani haka? Naɗin malami daban, na basarake mai kunnuwa daban, na dogari daban, na Abzinawa daban. Ga hula, zanna da kube da dara da haɓar kada. Ga tsagar Gobirawa da ta Kabawa a fuskokin tsofaffi, wadda ba a cika yi wa jariran yau ba. Ga hannuwan marina a Ƙofar Mata da baba ya rine. Duk waɗannan kujera ɗaya da ƙofa ɗaya suke buƙata.

A 1991 an rataya hotunan Saidu Keita a wani baje koli a Niyok, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Sai da aka bi sawu har Bamako aka same shi da ransa, dodannin hotunansa na ajiye. Shi an gano sunansa kafin ya rasu a 2001. Mutanen da suka zauna a gaban mayafin gadonsa kuwa, yawancinsu har yau ana kallon fuskokinsu ba a san ko su wa ne ba.

To, Juma'ar nan, in an sauko daga masallaci, kafin Baba ya tuɓe babbar rigarsa, roƙe shi ya zauna maka a bakin zaure. Ka kai a wanke maka hoton a takarda, ka juya bayansa ka rubuta da fensir sunansa cikakke, da garin, da ranar, sannan naka sunan a ƙasa.